Cire Ubuntu daga kwamfutar shagon Yaya

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Kwamfutar shagon Yaya ta iso hannuna yau. Laftof ce 'yar gwanjo, furosesa Core i5 zubi na shida, RAM 8GB, rumbun ajiya irin mai juyawa na 500GB. Da ita ake buga furojek ɗin ɗalibai, katin ɗaurin aure, kalanda da rasit. A 2021 babban ɗanta ya ɗora Ubuntu 20.04, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta daga dangin Linux, kusa da Windows 10 saboda wani kwas da yake yi a jami'a. Ya gama, ya tafi bautar ƙasa, Ubuntu ta yi zamanta, ta kuma riƙe 120GB.

Kokenta uku ne. Idan aka kunna, baƙin allon GRUB, inda ake zaɓen babbar manhajar da za ta tashi, ke fara fitowa, Ubuntu a sama, Windows a ƙasa, daƙiƙa goma ya jira ya shige Ubuntu. Da can sai ta danna kibiyar ƙasa ta zaɓi Windows. Yanzu maɓallin kibiyar ya mutu, tare da wasu guda uku na kusa da shi, don haka sai yaran shago sun ciro kibod ɗin kwamfutar tebur sun jona kafin a fara aiki. Na biyu, agogo ba ya zama daidai. Na uku, takan ƙage a tsakiyar aiki, ana jin wani ƙas-ƙas daga gefen dama, ƙarƙashin inda ake ɗora hannu.

Ta ce, “Ni dai ka goge min baƙin allon nan, Litinin a dawo da ita.” Na ce, “Yaya, ki yi haƙuri ki lallaɓa da ta tebur, ƙarar nan ta fi baƙin allon damuna.”

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na sauke SystemRescue, ƙaramin Linux na gyaran kwamfuta da ke tashi daga filash, wanda bai wuce kusan 1GB ba, alhali Ubuntu ta yanzu ta kai kusan 6GB, kuma duk kayan da nake so suna ciki: smartctl, ddrescue, GParted da efibootmgr. Na kuma sauke Windows 10 22H2 don ko ta kwana. Duka biyun na zuba su a filash ɗaya da Ventoy, manhajar da ke ba da damar tada kwamfuta da kowannensu. Filash 16GB naira 5,500, data kusan naira 3,500. SystemRescue ba ya tashi idan Secure Boot, tsaron da ke hana manhajar da ba a tantance ba tashi, na kunne, sai da na kashe shi a saitin BIOS, wato saitin kwamfutar kanta kafin kowace manhaja ta tashi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Rumbun yana mutuwa. Na buga smartctl -a /dev/sda, umarnin da ke nuna lafiyar rumbu. Lamba ta 5, wadda ke ƙirga gurabun da rumbu ya riga ya fitar da rai da su ya musanya, ta haura 300. Lamba ta 197, wato gurabun da ya kasa karantawa yake jiran hukunci a kansu, tana kan 48. A lafiyayyen rumbu sifili ake so a gani a duka biyun.

Wannan ya sauya tsarin aikin. Ba zan taɓa fatishan ko ɗaya, wato sassan da aka raba rumbu, a kan wannan rumbun ba, sai na kwafe shi zuwa sabo tukuna. Goge fatishan da faɗaɗa wani rubutu ne a kan wuraren da suka fi ko'ina muhimmanci, idan ya ƙage ana cikin haka, Windows ɗin da muke son ceto ita za ta fara tafiya.

Na kwafe foldar aikin wannan watan kawai, kusan 2GB, na kashe kwamfutar. Kowane awa da rumbu irin wannan ya yi yana juyawa, daga sauran kwanansa ake ragewa.

Ga yadda aka raba shi, daga farko zuwa ƙarshe: fatishan ɗin EFI, mai ɗauke da fayilolin tada kwamfuta, 100MB, ɗan ƙaramin da Windows ke keɓewa 16MB, C: kusan 345GB, Ubuntu 120GB, sai na farfaɗo da Windows wajen 500MB a can ƙarshe. Na rubuta a takarda na manna a murfin. BitLocker, makullin da Windows ke rufe rumbu da shi, a kashe yake, na tabbatar da manage-bde -status, alhamdu lillahi, don da a kunne yake ba wanda ya san inda makullinsa yake.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ɗanta ya kira daga inda yake bautar ƙasa. “Kawu, don Allah kar a goge foldata, furojek ɗina na ƙarshe yana ciki, ba ni da wani kwafi.” Na ce masa ba abin da za a goge sai ya gani da idonsa.

Ya tambaya me ya sa ba zan yi fomatin in ɗora sabuwar Windows ba, a huta. Tambaya ce mai kyau, kuma da kwamfutata ce haka zan yi. Amma a wannan akwai CorelDRAW da aka ɗora tun saye, babu faifansa babu lambarsa, akwai tarin salon haruffa da aka tara shekara da shekaru, na Larabci da masu ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda duk katunan bikin da ta taɓa tsarawa suka dogara da su, ga direban wata tsohuwar firinta da ya sha wahalar samuwa. Sabuwar Windows za ta tashi tas, amma shagon zai yi wata guda yana neman kansa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na shiga Beirut Road, layin masu sayar da kayan kwamfuta a Kano, neman sabon rumbu. Mai shagon da na fara tsayawa ya miƙo min SSD, wato rumbun da ba ya juyawa, mai 480GB, ya ce ai duk ɗaya ne da 500, kuma ya fi sauƙi. Ga mai ɗora sabuwar Windows gaskiyarsa ne. Ga mai kwafar rumbu sukutum, daga gurbin farko zuwa na ƙarshe, dole sabon ya kai tsohon ko ya fi shi. Na ɗauki 512GB a naira 43,000, da wayar da ke jona rumbun SATA ta kafar USB a naira 7,000.

Batirin agogon BIOS ban samu ba. CR2032 ne na yau da kullum, amma na wannan samfurin a naɗe yake cikin baƙar roba da 'yar waya mai baki biyu. Wani ya ce in dawo mako mai zuwa.

Batun agogo ashe matsala biyu ce a haɗe. Windows tana ɗaukar agogon da ke jikin bod a matsayin lokacin gari, Ubuntu kuwa tana ɗaukarsa a matsayin UTC, wato lokacin duniya da ake auna sauran da shi. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, shi ya sa duk ranar da kwamfutar ta faɗa Ubuntu aka dawo Windows, sai a tarar agogo ya koma baya da awa guda cif. Wannan zai tafi da tafiyar Ubuntu. Ɗayar kuwa ta ƙaramin batirin ce: idan babban batir ya ƙare ƙarƙaf, kwanan wata ya koma shekarun baya, saitin BIOS ma ya koma yadda ya fito daga kamfani.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Kafin in fara, na shiga Windows sau ɗaya na kashe ta da shutdown /s /t 0. Kashewar da aka saba yi ta maɓallin Start ba cikakkiya ba ce idan Fast Startup na kunne, rabin barci ne, kuma ban so in kwafi Windows tana cikin wannan halin.

Tsohon rumbu na bar shi a cikin kwamfutar, SSD na jona ta waje. Na sa filash na biyu don ajiye taswirar da ddrescue, manhajar kwafar rumbun, ke rubutawa. Umarnin shi ne ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdc /mnt/filash/taswira.map. Sai da na duba lsblk na karanta girma da sunan kowane rumbu kafin in danna, domin idan aka juya sda (tsohon rumbu) da sdc (SSD), fankon SSD ne zai hau kan aikin shekara biyar.

Abin da ya sa na zaɓi ddrescue: ba ya tsayawa kokawa da wurin da ya lalace. Yana tsallakewa ya kwashe mai lafiya tukuna, ya rubuta a taswira inda ya tsallake, daga baya ya dawo. Manhajojin kwafi na yau da kullum kan tsaya a gurbi ɗaya suna ta maimaitawa har rumbun ya yi zafi.

Ya kai kashi 61 cikin ɗari aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar minti ashirin yake riƙewa, kafin a tada janareta ta mutu. Da na sake kunnawa, Secure Boot ya dawo a kunne, kwanan wata ya tarwatse, kuma SSD ya koma sdb, filash ɗin taswira ya zama sdc. Da na maimaita umarnin ɗazu yadda yake, kan filash ɗin zai rubuta. Na gyara haruffan, na nuna masa taswirar, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Litinin, 13 ga Oktoba

Zagayen farko ya ƙare da asuba, kashi 99.99. Na sa zagaye na biyu da -d -r3, wato ya gwada kowane gurbin da ya ƙi sau uku. Ƙarar ƙas-ƙas ta yawaita, na kunna masa fanka a gefe.

Talata, 14 ga Oktoba

An gama. Abin da ya ƙi karantuwa bai kai 200KB ba. Na kwatanta wuraren da ke taswira da inda kowane fatishan ya fara, mafi yawansu a ɓangaren Ubuntu suka faɗa, kaɗan a C:.

Tunda SSD ya ɗan fi tsohon girma, kwafin teburin GPT, wato jerin fatishan-fatishan na rumbu, da ya kamata ya zauna a ƙarshen rumbu ya tsaya a tsakiya. Na mayar da shi wurinsa da sgdisk -e. Na cire tsohon rumbu, na sa a leda na rubuta kwanan wata a kai, na ɗaura SSD a gurbinsa. Ba a haɗa su biyun a kunna, lambobin shaidarsu iri ɗaya ne yanzu, kwamfuta za ta rikice.

Yau ce kuma ranar da Microsoft ta daina bai wa Windows 10 tallafi. Ubuntu 20.04 ma nata tallafin na kyauta ya ƙare tun watan Mayu. Zan dawo kan wannan idan ta tsaya da ƙafarta.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Windows ta tashi a kan SSD cikin daƙiƙu kaɗan, lasisinta bai motsa ba, tunda da bod aka ɗaure shi. Na yi chkdsk C: /f don duba rumbu, sannan sfc /scannow, ya gyara wasu fayilolin Windows. CorelDRAW ya buɗe, haruffa suna nan. Na bi foldodin shago ina buɗe fayil-fayil, ɗaya ne ya ƙi: zanen kalandar wata Islamiyya ta 2022. Yaya ta ce tana da bugaggen kwafi a durowa.

Na kwashe foldar ɗanta daga ɓangaren Ubuntu zuwa filash, ta cikin SystemRescue, don Windows ba ta karanta ext4, tsarin da Ubuntu ke ajiye fayiloli da shi. A ciki na tarar da hotunan sunan jikarta da wasu rasit guda goma sha, waɗanda yaran shago suka ajiye a ranakun da kwamfutar ta faɗa Ubuntu ba kibod a kusa. Ta daɗe tana cigiyar hotunan nan.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yanzu aka zo kan ainihin aikin. Mutane da yawa suna shiga Disk Management su goge fatishan ɗin Ubuntu su ɗauka an gama, sai a kunna a tarar da baƙin allo da grub> yana jiran umarni. Dalili kuwa GRUB kashi biyu ne. Kansa yana cikin fatishan ɗin EFI, a foldar EFI\ubuntu, amma jerin zaɓin da yake nunawa yana cikin fatishan ɗin Ubuntu. Kamar gida ne mai ɗaki biyu da zaure ɗaya, makullin zauren kuma yana rataye a ɗakin da ake shirin rushewa. Sai an fara ba Windows nata makullin.

efibootmgr -v, mai nuna jerin abin da kwamfuta ke tashi da shi, ya nuna Windows Boot Manager a 0000, ubuntu a 0002, kuma 0002 ke gaba. Na juya da efibootmgr -o 0000,0002. Ta shige Windows kai tsaye, ba baƙin allo. Na kashe na kunna har na gamsu, sannan na cire sunan ubuntu daga jerin da efibootmgr -b 0002 -B. Fatishan ɗin na bar shi.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Da safe na kunna, sai ga GRUB ya dawo, Ubuntu a sama kamar ba a taɓa shi ba.

Ba wuta daren jiya, batir ya ƙare, BIOS ya koma saitin kamfani ya zubar da jerin da na gyara. Wannan na gane. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda sunan da na goge ya dawo, na Windows kuma ya ɓace. Na buɗe fatishan ɗin EFI na shiga foldar EFI\Boot, a nan amsar take. Idan kwamfuta ta rasa jerinta, fayil ɗaya take nema, bootx64.efi. Lokacin da aka ɗora Ubuntu, ta sa nata a wannan gurbin, tare da wani ƙarami mai suna fbx64.efi. Aikin wannan ƙaramin shi ne ya bi foldodin EFI yana neman BOOTX64.CSV, duk inda ya samu ya sake rubuta sunan a jerin kwamfutar. Ubuntu tana da wannan fayil, Windows ba ta da shi. An yi shi ne don taimako, ga wanda Ubuntu ce babbar manhajarsa kuwa taimako ne sosai. A wajenmu yana nufin muddin ƙaramin batirin nan a mace yake, duk ɗaukewar wuta mai tsawo za ta dawo da GRUB.

Tunda fatishan ɗin Ubuntu yana nan, GRUB ya nuna jerinsa, na zaɓi Windows da kibod na waje na shiga. Da na goge shi jiya, kuma da a shago hakan ta faru ranar Litinin da ɗalibai a layi, ba mai iya fitar da su.

Talata, 21 ga Oktoba

Na yi gyaran daga cikin Windows, a Command Prompt na mai izini. mountvol S: /s ya ba fatishan ɗin EFI harafi. Na kwafe foldar EFI gaba ɗayanta zuwa filash. Sai bcdboot C:\Windows, ba tare da /s ba, domin idan aka sa /s fayilolin kawai yake kwafa, ba ya rubuta sunan Windows a jerin kwamfutar, ni kuwa sunan nake so. Na ɗauki bootmgfw.efi daga EFI\Microsoft\Boot na kwafa shi a kan bootx64.efi. Na goge fbx64.efi da mmx64.efi, na goge foldar EFI\ubuntu. bcdedit /enum firmware ya nuna sunan ubuntu da doguwar lambarsa, na cire shi da bcdedit /delete. Na rufe da mountvol S: /d.

Gwajin da ya fi muhimmanci: na zare caja, na bar batir ya ƙare da gangan, na bar ta ta kwana.

Laraba, 22 ga Oktoba

BIOS ya sake zubar da saitinsa, agogo ya tarwatse, amma ta shige Windows kai tsaye.

Asabar, 25 ga Oktoba

Batirin agogo ya samu, naira 3,000. Tunda na buɗe cikinta, na kwance fanka. Ƙura ta dunƙule a bakin mafitar iska kamar audugar katifa, da ɗan tsinke na zaro ta guda. Na goge busasshen man furosesa na shafa sabo, naira 2,000. Na mayar da Secure Boot a kunne, na saita lokaci a kan West Central Africa.

Na turo wa ɗanta jerin fayilolinsa ta WhatsApp, ya duba ya ce, “Sun cika, Kawu, Allah ya saka da alheri.” Sai a lokacin na buɗe Disk Management. Fatishan uku ne ba su da harafi, kuma Windows ba ta rubuta Ubuntu a jikin ko ɗaya. Na ɗauko takardar da na manna ranar 6 ga wata, na bi girma: 120GB, tsakanin C: da na ƙarshe. Na goge shi. Bai ɗauki daƙiƙa biyar ba.

Filin da ya fito yana manne da C: ta dama, don haka da na so zan iya faɗaɗa C: a kansa. Ban yi ba. Na mayar da shi D: na kwashe foldodin aikin shago zuwa can. Duk ranar da Windows ta buƙaci a sake ɗora ta, aikin mutane ba ya cikin abin da za a share. Kusan 11GB ɗin da ya rage a bayan fatishan na ƙarshe na ƙyale shi, bai kai a motsa komai dominsa ba.

Talata, 28 ga Oktoba

Na mayar da ita shago, na gwada firinta da katin biki guda. Har yanzu da kibod na waje ake aiki.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Sabon kibod naira 14,000. Kwana huɗu tana aiki a shago ba ƙagewa, an ɗauke wuta sau da dama, agogo yana nan daidai. Jimillar abin da aka kashe naira 78,000, ban da man janareta.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Batun Windows 10. Wannan kwamfutar ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta yarda da su, daga zubi na takwas na Intel jerin ya fara, ita kuwa na shida ce. Akwai hanyoyin tsallake sharaɗin, amma ba zan yi wa kwamfutar da ake cin abinci da ita haka ba. Na shigar da ita shirin ESU, wanda Microsoft ta sanar a 2025 cewa zai ci gaba da kawo gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026. A 2025 ana shiga da dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta idan an yarda a ajiye saitin kwamfuta a asusun Microsoft. Na ƙarshen muka bi, na buɗe wa shagon asusu, Yaya ta rubuta kalmar sirrin a littafin bashi.

Na faɗa mata shekara ɗaya wannan ya saya mana, kuma filasan ɗalibai da ake cusa mata kullum su ne babbar ƙofar cuta, don haka kar a wuce wa'adin. Ta ce za ta fara ware wani abu daga cinikin Disamba, lokacin bukukuwa. Saura babban batir, an ce min naira 22,000, sai ƙarshen wata. Wayar SATA ɗin nan kuma zan nemo mata lafiyayyen rumbu, duk Juma'a bayan an tashi yaran shago su kwafe D: a kai. Tsohon rumbun yana durowata, zan riƙe shi har Janairu ko wani fayil zai sake ƙin buɗewa.